Sofu Teshigahara: malamin jera furanni da ya buɗe wa fasahar zamani ƙofa a Japan

Mafi yawan abin da Sofu Teshigahara ya yi da hannunsa babu shi a duniya yau. Ya shafe sama da shekara sittin yana yanka rassa, yana lanƙwasa su, yana kafa su cikin kasko ko tulu, kuma da wuya aiki ɗaya ya kwana bakwai ganyensa bai yi yaushi an kwashe an zubar ba. Abin da ya saura sai hotuna, da sassaƙe-sassaƙe na itace da ƙarfe, da makarantar da ya kafa a Tokyo a 1927, wadda har gobe take yaye ɗalibai a ƙasashe da dama. Duk da haka, mai ba da tarihin fasahar Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu ba shi da hanyar da zai bi ya kauce wa sunansa. A zauren makarantarsa ne mawaƙa da masu zane da masu shirya fim na wancan zamani suka sami wurin gwada abin da sauran gidaje suka ƙi karɓa, kuma horon da ya tsara wa masu koyon jera furanni ya bi jinin masu fasaha da ba su taɓa ganinsa ba.

Sana'ar da ya gada sunanta ikebana, kalmar da ma'anarta ke kusa da raya fure. Tushenta na komawa ga furannin da ake ajiyewa a wuraren ibadar mabiya addinin Buddha, wanda ya shiga Japan a ƙarni na shida. Limaman wani wurin ibada a Kyoto mai suna Rokkakudo su ne suka mai da al'adar ilmi mai ƙa'ida, kuma daga gare su gidan Ikenobo ya fito, wanda shi ne mafi tsufa a wannan fage. Akwai rubutaccen bayani na shekarar 1462 da ya ambaci wani Ikenobo Senkei da irin cincirindon da aka yi don kallon furannin da ya jera. Daga nan salo ya yi ta haihuwar salo. Akwai rikka, mai tsayi da alfarma, wanda ake kwatanta tsauni da ƙorama da ƙauye a cikinsa da rassa kawai. Akwai sassauƙan fure ɗaya ko biyu na ɗakin shan shayi, irin wanda Sen no Rikyu ya fi so kafin rasuwarsa a 1591. A ƙarshen ƙarni na 19 Ohara Unshin ya shigo da moribana, wato kafa furanni a faffaɗan kasko marar zurfi, abin da ya ba da damar amfani da furannin Turai masu gajeren kara da launi mai ƙarfi.

Duk waɗannan salo wuri ɗaya aka tanadar musu: tokonoma, wani lungu da ake warewa a ɗakin baƙi, a ɗan ɗaga daɓensa, a rataye rubutu ko zane a bangonsa. Baƙo zai durƙusa a gabansa ya kalli furen daga fuska ɗaya tak. Ita kuma koyarwar tana hannun iemoto, shugaban gida, wanda ya yi kama da sarkin sana'a mai gadon kujera: shi ke riƙe da sirrin salon, shi ke ba da takardar shaidar ƙwarewa mataki bayan mataki, kuma kuɗin kowace takarda yana hawowa daga ɗalibi zuwa malami har ya isa gare shi. Lokacin da aka haifi Sofu, ikebana ta riga ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake so 'yar gidan mutunci ta koya kafin aure, ɗalibai mata ne galibi, manyan malamai kuwa maza.

Ɗan malami ya bar gidan ubansa

An haife shi ranar 17 ga Disamba, 1900. Mahaifinsa, Wafu Teshigahara, malamin ikebana ne da ya yi nazarin salon gidaje daban-daban, kuma tun yaron yana ƙarami ya sa masa almakashi a hannu. Sunan Sofu ma na sana'a ne, kuma harafinsa na biyu, mai nufin iska, shi ne dai harafi na biyu a sunan uban. Ya ƙware da wuri. Sai dai tun yana saurayi abin da ke damunsa shi ne, in ɗalibai goma suka bi ƙa'ida ɗaya sau da ƙafa, aiki goma iri ɗaya za su fitar, ba a gane hannun kowa a ciki. Saɓani ya shiga tsakaninsa da mahaifinsa a kan wannan, har ta kai ga rabuwa. A 1927 ya kafa nasa gidan, ya kira shi Sogetsu, haɗin kalmomi biyu masu nufin ciyawa da wata.

A Japan ta wancan lokaci, ɗan fari ya juya wa sana'ar ubansa baya ba ƙaramin abu ba ne, balle ya kafa kishiyarta a gari ɗaya. Ra'ayin da ya fito da shi kuwa mai sauƙin faɗa ne, mai wuyar haɗiyewa ga dattawan fagen. A ganinsa wannan aiki ba shi da keɓaɓɓen ɗaki ko keɓaɓɓen mutum, kuma babu wani abu da aka haramta wa mai yin sa ya ɗauka ya yi amfani da shi. Ya riƙa koya wa ɗalibansa cewa kyan fure a kan bishiya na bishiyar ne, amma da zarar an yanke shi an kafa a kasko, halin mai kafawar ake kallo. Kafin shekarun 1920 su ƙare ya yi baje kolin farko na makarantarsa a unguwar Ginza, cibiyar kasuwancin zamani ta Tokyo, kuma ya fara ba da darasi a rediyo, abin da ya kai sunansa gidajen da ba su taɓa ganin ƙofar malamin ikebana ba.

Ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. A farkon shekarun 1930 ya haɗu da Mirei Shigemori, wanda daga baya ya shahara da tsara lambunan wurin ibadar Tofukuji a Kyoto, da Bunpo Nakayama da wasu, suka tsara wata sanarwa ta neman sabunta ikebana, a raba ta da tsofaffin siffofi da kuma wa'azin ɗabi'a da aka lulluɓe ta da shi. Sanarwar ba ta girgiza komai nan take ba, domin ƙasar ta kama hanyar mulkin soja da yaƙi, kuma ba lokacin sabon abu ba ne.

Abin da ɗalibi ke koya

A nan ne labarin Sofu ya fi ban sha'awa, kuma a nan ne masu ɗaukarsa a matsayin mai rusa ƙa'ida kawai suke kuskure. Mutumin da ya bar gidan ubansa saboda tsananin ƙa'ida bai buɗe makarantar kowa ya yi yadda ya ga dama ba. Sabon ɗalibi a Sogetsu da awo yake farawa. Ana ba shi kasko da ruwa da kenzan, wani ɗan faranti mai nauyi na dalma da aka jera wa ƙusoshi tsaye don soke kara. Ana koya masa yanke ƙasan kara a cikin ruwa don kada iska ta shiga ta hana shi sha. Sannan a nuna masa manyan rassa uku: shin, mafi tsawo, da soe, mai mara masa baya, da hikae, gajeren da ke daidaita su. A salon farko na tsaye, tsawon shin yakan kai ninki ɗaya da rabi na faɗin kasko haɗe da zurfinsa, soe kashi uku cikin huɗu na shin, kuma kowanne da karkatarsa: shin kusan digiri 10 zuwa 15 daga tsaye, soe digiri 45, hikae digiri 75. Akwai zanen da ke nuna wannan daga gaba da kuma daga sama, kamar taswirar gini. Ɗalibi zai yi ta maimaita wannan siffa da 'yan'uwanta, na tsaye da na karkace da na kwance da masu zubowa ƙasa, a kasko da kuma a dogon tulu inda babu kenzan, sai dai ya tokare rassa da guntayen itace a bakin tulun. Sai ya gama da waɗannan ake sakar masa mara ya shiga salon 'yanci.

Abin da wannan maimaici ke dasawa a idon mutum ya wuce ado. Na farko, ragewa. Mai shirya furannin biki a al'adar Turai tarawa yake yi har wurin ya cika ya batse. Ɗalibin ikebana kuwa yawancin aikinsa da almakashi ne: ya ɗauki reshe mai ganye hamsin, ya yi ta juya shi a hannu har ya gano layin da ke ɓoye a ciki, ya zubar da duk abin da ke rufe layin. In ya yanke, ya yanke ke nan, ba a mayarwa. Na biyu, sararin da ke tsakanin rassa ana lissafa shi cikin aikin kamar yadda ake lissafa rassan kansu, har ma da fuskar ruwan da aka bari a buɗe a kaskon. Sannan akwai sauraron kayan aiki, domin kowane itace da iyakar lanƙwasar da zai ɗauka kafin ya karye, kuma hannu ne ke sanin wannan iyaka, ba littafi ba. Wanda ya saba da haka yakan fara tambayar ɗakin da za a ajiye aikin tun kafin ya taɓa fure: ina haske ke shigowa, ta ina mutane za su wuce, wane launi bangon yake. Kuma tun ranar farko ya san aikin nasa mai mutuwa ne, toho zai buɗe gobe, jibi ya zube, don haka sauyawar ma tana cikin abin da ya tsara.

Wanda ya san abin da ake nunawa a manyan ɗakunan fasaha na duniya tun daga shekarun 1960 zai ga inda zancen ya dosa. Aikin da ake ginawa don ɗaki guda a rushe shi bayan baje koli, aikin da ake yi da tarkacen da aka tsinto, aikin da yin sa a gaban jama'a shi ne kansa abin kallo, duk waɗannan da masu fasahar Turai da Amurka suka iso gare su bayan doguwar muhawara, a ajin ikebana darasin yau da kullum ne. Gudummawar Sofu ita ce ya ga wannan dangantaka da wuri, ya kuma cire shingen da ke hana a gan ta. Ko yadda yake nuna aiki a dandali sabo ne: yakan tsaya a bayan kaskon yana fuskantar jama'a, ya jera rassan ta baya, ta yadda 'yan kallo ke ganin fuskar aikin tana tasowa, shi kuwa bayanta kawai yake gani. Har yau malaman Sogetsu haka suke yi, kuma sai wanda siffar ta zauna masa a ka zai iya.

Daga toka zuwa Faransa

Ruwan bama-baman 1945 ya ƙone babban ɓangare na Tokyo, ginin makarantarsa na cikin abin da wuta ta ci. Furanni sun yi wuya, kasko mai kyau ya yi wuya. Abin da ke ko'ina shi ne ƙonannen itace da murɗaɗɗen ƙarfe da busassun saiwoyi, kuma da su ya koma aiki. Ra'ayin da a 1927 ya yi kama da taurin kan saurayi, yanzu ya zama bayanin halin da kowa ke ciki. A 'yan shekarun da suka biyo baya ayyukansa suka yi ta girma har suka fi ƙarfin kowane tokonoma, suka koma manyan zaurukan kantunan zamani, inda a Japan aka saba yin baje kolin fasaha. A farkon shekarun 1950 ya yi ayyuka da tarkacen ƙarfe waɗanda ko fure ɗaya babu a jikinsu, har da wani da ya yi wa laƙabi da kan jirgin ƙasa. Masu ra'ayin gargajiya suka ce wannan ba ikebana ba ce. Tambayar tasu ba ta banza ba ce, kuma shi kansa bai damu ya ja layi tsakanin jera furanni da sassaƙa ba.

Wata ƙofa kuma ta buɗe ta inda ba a zata ba. Matan hafsoshin Amurka da suka zo tare da sojojin mamaya sun nemi koyon ikebana, Sofu ya koya musu, kuma tsarinsa mai zane da awo ya fi sauƙin fassarawa ga baƙo a kan na gidajen da ke koyarwa da ishara da shekaru. Da suka koma gida suka tafi da abin da suka koya. Ɗaya daga cikin matan Amurkawa da suka kamu da son wannan sana'a a lokacin, Ellen Gordon Allen, ita ta kafa ƙungiyar Ikebana International a Tokyo a 1956, wadda ta haɗa ɗaliban gidaje daban-daban a ƙasashen duniya. A gida kuma yana da abokai biyu da suka taimaka wajen tsayar da kamanninsa a idon jama'a: Ken Domon, mai ɗaukar hoto, wanda ta kyamararsa aka san da yawa daga ayyukan da suka shuɗe, da Yusaku Kamekura, mai zanen da ya yi fastocin gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964.

A 1955 ya yi baje koli a fadar Bagatelle da ke birnin Paris, wurin da aka sani da lambun wardi. 'Yan jaridar Yamma suka laƙaba masa suna Picasso na furanni, laƙabin da ya bi shi har kabari, ko da yake ya fi nuna ƙarancin ma'aunin da suke da shi a kan ya bayyana shi. Shekara biyu bayan haka Michel Tapié, mai sharhin fasaha ɗan Faransa da ke tallata wani salon zane marar siffa da ake kira Informel, ya zo Japan. Ya ga sassaƙe-sassaƙen Sofu, manyan kututture da saiwoyi da ya lulluɓe da fallayen tagulla da jan ƙarfe ya bi su da ƙusoshi, ya sa shi cikin jerin mutanensa, kamar yadda ya yi wa ƙungiyar Gutai ta yankin Osaka. Ta wannan hanya aka nuna aikinsa a ɗakin fasaha na Stadler a Paris. A 1957 ɗin ne kuma Sam Francis, mai zane Ba'amurke, ya yi wa makarantar Sogetsu wani babban zanen bango. A 1959 Sofu da ɗansa Hiroshi suka je Sifaniya, suka kalli gine-ginen Antoni Gaudí a Barcelona, suka ziyarci Salvador Dalí a gidansa. Gwamnatin Faransa ta ba shi lambar yabo ta fasaha da adabi a 1960, ta ƙara masa da Légion d'honneur a 1961.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da wannan ɗaukaka. Tapié ba alƙali ne marar ruwa da tsaki ba, domin yana ba ɗakin Stadler shawara kan abin da za a saya da sayarwa, kuma yana bukatar Bajapane da zai tabbatar da cewa salon da yake tallatawa na duniya ne. Sassaƙe-sassaƙen Sofu, har da jerin da ya gina a kan labaran Kojiki, tsohon littafin tarihin Japan na shekarar 712, suna da ƙarfi da kwarjini, amma suna ɗauke da tambarin zamaninsu, kuma ba su ne suka fi yin tasiri cikin abin da ya bari ba. Abin da ya fi su nisa shi ne ginin da ya yi da kuɗin ɗalibansa.

Zauren Akasaka

A 1958 aka buɗe hedikwatar Sogetsu a unguwar Akasaka. Wanda ya zana ta shi ne Kenzo Tange, sunan da bai kamata ya zama baƙo ga mai aiki a Abuja ba, domin shi da kamfaninsa ne suka tsara fasalin tsakiyar babban birnin tarayya bayan an kammala babbar taswirar birnin a 1979. A cikin ginin akwai zauren taro, kuma Sofu ya miƙa shi ga ɗansa Hiroshi, wanda aka haifa a shekarar da aka kafa makarantar, ya karanci zane, ya karkata ga fim. Daga 1958 zuwa 1971 Cibiyar Fasaha ta Sogetsu ta zama matattarar duk wani mai sabon abu a Tokyo. An yi kiɗan jaz a can, an nuna gajerun finafinan zane na Yoji Kuri da abokansa, mawaƙa irin su Toru Takemitsu da Toshi Ichiyanagi sun gabatar da ayyukansu. Yoko Ono ta hau dandalin a 1962, kuma a shekarar ne cibiyar ta gayyato John Cage da David Tudor daga Amurka, ziyarar da ta rikita mawaƙan Japan har suka riƙa ambatonta da girgizar Cage. Nam June Paik ya yi nasa wasan a 1964.

A Nuwamban 1964 aka yi abin da ya fi kowanne kama da halin gidan. Robert Rauschenberg ya zo Tokyo tare da ƙungiyar rawa ta Merce Cunningham, aka shirya masa zaman amsa tambayoyi a zauren Sogetsu. Maimakon ya buɗe baki, sai ya juya ga wani labulen katako mai naɗewa, mai ruwan zinariya, wanda Sofu ya ba shi, ya shafe sa'o'i yana shafa masa fenti yana manna masa abubuwan da ya tsinto a titunan birnin, har da takalma da kwalaben Coca-Cola, jama'a na kallo, wasu na ficewa don haushi. Aikin da ya fito shi ake kira Gold Standard. Mutum a dandali, yana harhaɗa tsintattun kaya a gaban 'yan kallo ba tare da bayani ba: ɗaliban mai gidan sun saba ganin haka shekara da shekaru.

Hiroshi ya yi nasa sunan a fim. Ya yi ɗan gajeren fim a kan aikin mahaifinsa a 1956, sannan a 1964 ya fitar da wanda ya gina a kan littafin Kobo Abe game da mutumin da aka tsare a ramin yashi tare da wata mata. Fim ɗin ya ci kyautar musamman ta alƙalai a Cannes, ya kuma kai shi cikin 'yan takarar Oscar na gwarzon darakta. Mai kallonsa zai ga idon ɗan gidan ikebana a yadda kyamara ke tsayawa a kan ƙwayar yashi da fatar mutum da layin tudu, da yadda ake barin rabin allo babu komai.

Kuɗin duk wannan daga ina? Daga takardun shaida. Shekarun bunƙasar tattalin arzikin Japan sun cika azuzuwan ikebana da 'yanmata ma'aikatan ofis da matan aure, kowace tana hawa mataki tana biya. Wato tsarin iemoto, wanda ya fi komai tsufa a sana'ar, shi ya ɗauki nauyin fasahar da ta fi kowace tawaye a ƙasar. Sofu ya yaƙi siffofin gargajiya, amma kujerar gargajiya bai taɓa ta ba, hawa ya yi ya zauna daram. A 1970 hukumar haraji ta binciki harkokinsa bisa zargin ɓoye kuɗin shiga, magana ta kai kotu, jaridu suka yi ta yayatawa, kuma mutuncinsa ya sami tabo. Cibiyar fasahar ma ta riga ta fara rauni: a 1969 masu zanga-zanga, waɗanda ke ganin ta zama wani ɓangare na masu iko, sun tilasta soke bikin fim da ta shirya. A 1971 aka rufe ta.

Bai daina aiki ba. A shekarunsa na ƙarshe ya ba da ƙarfi ga rubutun hannu da katon buroshi, wanda shi ma yakan yi a gaban jama'a. A 1977 aka kammala sabuwar hedikwata a Akasaka, ita ma zanen Tange, kuma Sofu ya nemi Isamu Noguchi ya gina lambun duwatsu mai hawa-hawa a harabar shigarta, wanda aka sa wa suna Tengoku, wato aljanna, don ya zama dandalin ajiye furanni. Ya rasu ranar 5 ga Satumba, 1979, yana da shekara 78. 'Yarsa Kasumi, wadda ta shahara da ƙananan ayyuka masu laushi, akasin na uban, ita ta gaje shi, amma ta rasu a 1980. Kujera ta koma ga Hiroshi, wanda ya daɗe yana nesa da ita. Shi ne ya kai ra'ayin uban ƙarshen iyakarsa: ya riƙa tsaga ɗanyen gora yana lanƙwasa shi ya gina rumfuna da hanyoyi da mutum zai shiga ciki ya ratsa, a Japan da Milan da Washington. Furen da a da ake durƙusawa a kalla daga fuska ɗaya ya zama wurin da ake tafiya a cikinsa. Bayan rasuwarsa a 2001 'yarsa Akane ta zama iemoto ta huɗu.

Akwai wanda ya bi ɗaya hanyar, kuma rayuwarsa ta nuna farashin abin da Sofu ya ƙi yi. Yukio Nakagawa ya koyi sana'ar a gidan Ikenobo, ya fice a 1951, bai kafa gida ba, bai sayar da takardar shaida ba, ya rayu cikin ƙunci. A 1973 ya cusa jan fure 900 cikin wani ƙoƙon gilashi, ya kife shi a kan farar takarda, ruwan furannin ya riƙa tsiyaya kamar jini. A 2002, a gaɓar kogin Shinano, aka zubo ganyen furen tulip daga jirgi mai saukar ungulu a kan tsohon ɗan rawa Kazuo Ohno, yana rawa a zaune a kujera. Ayyukan Nakagawa sun fi na Sofu kaifi, kuma da yawa daga masu sharhi shi suke fifitawa. Amma bai bar aji ba, don haka mai neman wannan horo a yau ƙofar Sogetsu da makamantanta yake ƙwanƙwasawa.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka bi ta wannan ƙofa ita ce Camille Henrot, 'yar Faransa, wadda ta ci lambar Zakin Azurfa a bikin fasaha na Venice a 2013. Ta koyi ikebana a salon Sogetsu, sannan ta fara wani jerin ayyuka inda take ɗaukar littattafan da ta karanta ɗaya bayan ɗaya tana mai da kowanne tsarin furanni, tana zaɓen tsiro saboda sunansa ko asalinsa ko tarihin yadda Turawa suka kwaso shi daga ƙasashen da suka mulka, tana haɗawa da waya da roba da tarkacen gida. Sunan jerin tambaya ce a kan ko ɗan juyin juya hali zai iya son furanni. An nuna shi a 2012 a babban baje kolin Triennale na Palais de Tokyo a Paris, wanda Okwui Enwezor, ɗan Najeriya haifaffen Kalaba, ya jagoranta. A 2019 aka kai ayyukan Tokyo, aka kafa su da haɗin gwiwar makarantar Sogetsu. Duk ɗakin da zai nuna irin wannan aiki sai ya tanadi sababbin rassa da ruwa na tsawon baje kolin, ya kuma nemo wanda ya iya riƙe almakashi ya sake kafa su duk lokacin da suka yi yaushi.